Manhajar Sa Ido da 'Yan Rakiyarta

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Shekara talatin da wani abu ina faɗin magana ɗaya, har yau ban ga wanda ya tsaya ya saurare ni ba: kada ka ɗora wa na'ura abin da ba ta buƙata. Na faɗa a ma'aikatar gwamnati kafin su sallame ni da sunan rage ma'aikata. Na faɗa a banki. Yanzu ina faɗa a nan, a ɗan ofis mai ɗaki uku a Kado, inda in iska ta juyo sai ka ji ƙarnin kifi har cikin shayinka. Lokacin da muka yi karatu a Zariya, malaminmu tsayar da kai yake yi ka kare kowane layi da ka rubuta. In ka kasa faɗin amfaninsa, ka goge shi a gaban kowa. Yau mutum sai ya sauke rabin duniya a kwamfuta don kawai ya san ƙarfe nawa.

Aikin cibiyarmu adana muryoyin tsofaffi ne, waɗanda suka san Abuja tun tana gonaki da duwatsu. Gbagyi da aka tasa daga ƙauyukansu, fataken shanu na farko a Dei-Dei, direbobin da suka kwaso siminti. Duka suna cikin saba ɗaya, wato tsohuwar kwamfutar da ke ɗakina, wadda nake kula da ita kamar jinya.

Yau Ebenezer, daraktanmu, ya shigo da fara'arsa ta mai kawo labarin da ba za ka so ba.

"Baba Manniru, masu ba mu tallafi sun ce sai mun sa manhajar sa ido a kan saba. Suna so su riƙa gani daga can cewa komai lafiya."

"Ido biyu gare ni, duka suna aiki."

"Baba, idonka ba ya shiga rahoto."

Na yi masa bayani, kamar yadda na yi wa wanda ya gabace shi. Ina da ɗan shiri da na rubuta da hannuna, bai cika shafi ɗaya ba. Kullum bayan an tashi aiki yakan kwafi duk sabon abu zuwa faifai na biyu. Akwai wani shirin kuma da ke duba lafiyar babban faifai. In akwai matsala, su turo min imel ta wata 'yar ƙaramar manhajar aika saƙo. In babu, shiru. Haka aka koya mana: na'ura mai lafiya ba ta surutu.

Ya ce, "Na yarda, Baba. Amma ranar Laraba James mai harkar kwamfuta zai zo ya sa."

Ba tambayata ya zo yi ba. Ba a taɓa zuwa tambayata ba.

Talata, 9 ga Satumba, bayan azahar

Rosemary, wadda ke mayar mana da tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, ta kira ni sito. Ruwan watan jiya ya yoyo ta rufi, kwali ɗaya ya jiƙe daga ƙasa, kaset ɗin ciki sun yi fumfuna.

Na san kwalin tun kafin ta juyo da shi. Rubutun Talatu ne a jikinsa.

Ita ta fara wannan aikin tun babu cibiya, da rikoda a jaka da ɗanmu na fari a goye. Shekara uku ke nan da rasuwarta. Ni ne nake tsara wane kwali za a yi bayan wane, kuma ni na yi ta tura nata baya. Ban ba kowa dalili ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Rosemary ta ce, "Baba, wannan ba zai jira ba o. In ba mu yi yanzu ba, muryan Madam zai tafi."

Na ce ta fara jibi.

Ba mu da wata murya tata a gida. Ba ta son a ɗauke ta a waya, sai ta kare fuska ta yi shiru. A waɗannan kaset ɗin kaɗai take magana ba tare da ta lura ana ɗaukarta ba, don a ganinta tsofaffin take ɗauka.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

James ya zo da jakar goyo da turare mai hawa kai. Ya miƙa hannu zai ja kujerata. Na ce masa ba wanda ke taɓa kibod ɗin nan sai ni, ya tsaya ya faɗi abin da za a rubuta. Ya kalli Rosemary ya yi murmushi, ya tsaya.

Manhaja ɗaya muka nema. Aikinta ta duba ko saba tana numfashi, ko ta yi zafi, ko wuri ya kusa cika. Da na rubuta sunanta sai allo ya cika da sunaye, ya gudu sama, ya sake cika. Sama da ƙunshi ɗari biyu, wato wasu ƙananan manhajoji, ta ce sai da su za ta shigo. Ni 'yan rakiya nake kiransu. Ka gayyaci mai gadi ɗaya, ya iso da matansa da surukansa da mai yi musu aski.

Na ce, "Wannan na firinta ne. Ina firinta a ɗakin nan?"

"Oga, haka yake zuwa."

"Wannan kuma haruffan rubutun Sinawa ne. Wannan na bulutus. Wannan na kunna sauti. Mai gadin naka waƙa zai yi mana?"

"Oga, ba sa cin komai. Ka danna kawai."

Akwai rakiyar dole, akwai ta ganin dama, kuma a da masu haɗa ƙunshi sun san bambanci. Waɗannan sun rubuta komai a matsayin dole, don raba su aiki ne, su kuma ba sa son aiki. Na faɗa wa James haka. Na faɗa masa da yawa, har muryata ta kai ofishin Ebenezer ya leƙo ya ce, "Baba, abeg, muna da baƙi gobe."

A ƙasan allo tana tambaya ko a ci gaba. Aka danna.

Na yi awa biyu a cunkoson Nyanya ina ci gaba da gardamar a raina. A mota duk na yi nasara.

Alhamis, 11 ga Satumba, da hantsi

Sun rataye talabijin a bangon ofishin Ebenezer, ana ganin zane-zanen manhajar. Komai kore. Ya tsaya gabanta da baƙinsa yana nuni kamar mai sabon gida.

Rosemary ta fara kwalin Talatu. Na ce ta sa abin kunne, ta kuma rufe ƙofarta.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan la'asar

'Yar fitilar faifai ba ta hutawa. A da sai ta yi ƙyaftawa ɗaya ta kwanta. Yanzu kamar mai zazzaɓi. Na bincika. Cikin 'yan rakiyar akwai rumbun bayanai guda, kuma manhajar tana rubuta masa rahoto ba dare ba rana: komai lafiya, komai lafiya, komai lafiya. A kan faifan da ya girmi auren James take wannan rubutun.

Na gaya wa Ebenezer. Ya nuna min talabijin. Kore.

Rosemary ta shigo da auduga a hannu, ta yi ja kamar an shafo ƙasa.

"Baba, duba. Kowane kaset in na kunna, jikinsa yana zuba a kan inji. Na gwada ɗaya sau biyu, na biyun babu komai, sai shuuu."

Wato kowanne ji ɗaya ya rage masa, kuma jin nan shi ne wanda take ɗauka. Na ce ta yi a hankali. Ta ce ai ba yau ta fara ba.

Ban ci abincin rana ba. Na zagaya har bakin kasuwar kifi na dawo.

Talata, 16 ga Satumba, da safe

Na rubuta wa masu haɗa ƙunshin, a dandalinsu na kai ƙorafi. Na jero musu abin da ba shi da amfani ɗaya bayan ɗaya, da Turancin da na san ba su saba gani ba. Na ce su raba na dole da na ganin dama.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan masallaci

Sun ba ni amsa. Layi biyu. Wai a wurinsu yana aiki lafiya, kuma wurin ajiya ya yi arha a zamanin nan. Suka rufe maganar.

Arha a ina? Su zo Wuse su tambayi farashi.

Na rubuta wata, na goge. Na sake rubutawa, na tura.

'Yarmu Nafeesa ta kira daga Kaduna. Cikinta ya tsufa, wata mai zuwa ake sa rai. Ban san wa ya gaya mata maganar kwalin ba, ina zargin Rosemary.

"Baba, da gaske an samo muryar Umma?"

"Ba ɓata ta yi ba, bare a samo."

"To yaushe zan ji? Wallahi Baba, na fara manta yadda take kiran sunana. Ina so in kunna a ɗaki ranar suna, ko yaya ne."

Na ce mata akwai ƙa'ida. Ba abin da ke fita daga cibiya sai da izinin kwamiti a rubuce, don tsofaffin da aka ɗauka amana suka ba mu. Ta ce, "Baba, wa ya kafa ƙa'idar?" Ta san amsar. Na ce in an gama duka zan nemi izini, in kawo mata da kaina, mu saurara tare.

Ta ce, "Ka yi alkawari?"

Na yi.

Litinin, 22 ga Satumba, da hantsi

Kore. Babu imel ko ɗaya. Shiru.

Ban san abin da ke hana ni zama ba.

Laraba, 24 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Ina wucewa ta gaban ɗakin Rosemary sai na ji tana dariya ita kaɗai. Ta cire abin kunne ta yafito ni.

"Baba, zo ka ji. Madam yana Dei-Dei da wani tsoho mai shanu, tsohon ya ce zai aure shi da saniya goma. Ka ji amsan da Madam ya ba shi. Har sunanka ya fito."

"Sai an gama duka."

"Minti ɗaya ne fa."

"Na ce sai an gama."

Ta mayar da abin kunnenta ta ce, "Wannan Baba, kai da dutse."

Ebenezer ya ji mu. Da yamma ya same ni ya ajiye filashi, ɗan abin kwafar bayanai, a kan teburina.

"Baba, matarka ce. Ɗauki kwafi ka kai gida. Ni ne darakta, na ba ka izini."

Na ce darakta ba kwamiti ba ne. In ni na karya, gobe ɗan jarida zai zo ya ce shi ma kakansa ne. Na tura masa filashinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya fita.

Daidai na yi. Ina rubutawa a nan don in tuna cewa daidai na yi.

Juma'a, 26 ga Satumba, da safe

Na kwana ina lissafin abin da zan iya cirewa cikin 'yan rakiyar nan. Da na gwada cire na firinta, sai manhajar ta ce in ya tafi ita ma za ta tafi, da talabijin ɗin Ebenezer da komai. An ɗaure su da igiya ɗaya. Na fasa.

Na tura wasiƙa ta uku. Wani daga wata ƙasa ya rubuta a ƙasanta cewa shi ma abin ya dame shi. Mu biyu ke nan a duniya.

Akwai wani ɗan sauti a saba. Ko kuma fanka ce. Ko kunnena.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan azahar

Rosemary ta gama kaset na ƙarshe. Ta zo ta tsaya a ƙofata ta ce, "Baba, mun ceto Madam." Ta yi alamar addu'arsu a ƙirji, ni na ce alhamdulillahi. Na saya mata lemo da gasasshen kifi, ta ce ashe ina da hannun kyauta.

Na rubuta takardar neman izini zuwa kwamiti. Za su zauna mako mai zuwa.

Yau ne karo na farko a watan nan da cunkoson Nyanya bai ɓata min rai ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma

Hutu. Na wanke kaya, na gyara rediyon da zan kai wa Nafeesa don lasifikarsa ta fi ta waya. Na zauna, na tashi, na zauna.

Alhamis, 2 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Tun daga mashigi na ji shi. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana buga cokali a gilashi. Duk wanda ya yi aikin nan ya san sautin. Babban faifai ya tafi.

Ban firgita ba. Na gaya wa Ebenezer faifai ya mutu, kamar yadda na ce zai mutu, amma ba abin damuwa, don wannan ranar aka yi na biyu. Har na ɗan ji daɗin faɗa masa. Bari in sha shayi in buɗe shi.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya

Kwafi na ƙarshe a faifai na biyu na ranar Talata ne, 9 ga Satumba.

Alhamis, bayan la'asar

Na duba sau da yawa. Ranar ba ta canja ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da hantsi

Zan rubuta yadda abin ya faru, a tsare, don hannuna ya samu abin yi.

Cikin 'yan rakiyar akwai wata babbar manhajar aika imel, irin wadda kamfani mai ma'aikata dubu ke amfani da ita. Ba mu buƙace ta ba. Ita manhajar sa idon ma ba ta taɓa aika saƙo ko ɗaya da ita ba. Amma an rubuta ta a cikin na dole. Ita kuma ba ta zama wuri ɗaya da wata mai irin aikinta, saboda haka da ta shigo aka fitar da 'yar ƙaramar tawa.

Shirina na kwafi, abu na farko da yake yi kafin ya taɓa komai shi ne ya tabbatar zai iya kirana in an samu matsala. In ba zai iya ba, ba ya farawa. Ni na tsara shi haka, don kada ya yi ɓarna ba mai gani. Na sha yin alfahari da wannan. To tun ranar Larabar da aka sa manhajar kullum yakan tashi, ya nemi 'yar manhajar, ya rasa, ya koma ya kwanta. Ba shi da bakin da zai gaya min. Mai duba lafiyar faifai ma haka, ya yi ta ganin faifan yana mutuwa, babu hanyar faɗa.

Ita kuwa manhajar sa ido, wadda ta zo da haruffan Sinawa da na bulutus, ɓangarenta na duba lafiyar faifai ba ya cikin ƙunshin. Shi daban ake saukewa, in mutum ya ga dama. Shi kaɗai suka bari a na ganin dama.

Na sake duba abin da aka nuna a allo ranar da aka sa ta, don tarihin yana nan a ɗan faifan tsarin, wanda bai mutu ba. Layin yana nan. Ƙarami, a tsakiyar sunaye ɗari biyu: za a cire kaza. Ba a ɓoye shi ba.

Duk aikin shekarun baya yana nan lafiya. Abin da aka yi daga 10 ga Satumba ne babu. A waɗannan makonnin kwali ɗaya aka yi.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Ebenezer ya tara mu. An kashe talabijin ɗin, ban san wa ya kashe ba.

Na yi magana mai tsawo. Na ce wanda ya haɗa ƙunshin nan bai taɓa tunanin akwai wani a wani wuri da ke da tsohuwar na'ura da tsarinsa na kansa ba. Na ce abin da aka kawo don gadi shi ya kori mai gadi. Na ce na faɗa tun ranar farko. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda ya musa.

James ya ce, "Oga, ban ƙi ba. Amma ai ta nuna abin da za ta cire kafin a danna."

Na ce wa zai ga layi ɗaya cikin wannan tarkacen?

Ya ce, "Kuma Oga, a duk makonnin nan, ba ka leƙa faifai na biyu ba ko sau ɗaya?"

Na ce ya fita daga ofishin nan. Ebenezer ya ce ofishinsa ne. Na ce to a tambayi James wa ya ce a danna.

Rosemary ta ɗago ta ce a hankali, "Baba, kai ne a kan kujera."

Na tashi na koma ɗakina.

Daga baya ta kawo min shayi ta ajiye. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Da na sani da na ajiye a kwamfuta na. Kai ka ce komai a saba."

Haka na ce. Ita ma ƙa'ida ce.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na naɗe faifan a tawul na kai wa Baƙo a Wuse. Ya yi shekaru yana ciro bayanai daga matattun faifai, kuma ba ya yi wa mutum ƙarya, shi ya sa ba shi da abokai da yawa. Ya kara shi a kunne ya girgiza kaɗan.

"Malam, bayan ya fara ƙara ya daɗe a kunne?"

Na ce an yi hutu, ba kowa a ofis.

Ya ce, "Uhm." Ya ce in ba shi mako guda, zai nemo irinsa ya canja masa kai. Ya ce kada in kira shi, shi zai kira.

Kwamiti ya zauna yau. Sun ba ni izinin kai wa Nafeesa kwafi. Ebenezer ya miƙo min takardar bai kalle ni ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Nafeesa ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Na shiga ɗakin Rosemary bayan ta tafi, na ɗauko kaset ɗin na gwada da kaina. Na goge kan inji, na sa na farko. Iska kawai. Na biyu ya tsinke. A na uku kamar na ji wani abu a can ƙasa, kamar mutum yana magana a bayan ruwan sama. Na mayar baya na sake. Babu. Yatsuna duk sun yi ja.

Na mayar da su kwali yadda ta jera su.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan masallaci

Imel ya shigo daga masu haɗa ƙunshin. Wani sabo a cikinsu ya karanta wasiƙata ta uku. Ya ce na yi gaskiya, babbar manhajar imel ɗin ba ta da dalilin zama dole, an gaje ta ne daga wani tsohon tsari ba wanda ya duba. Za su cire ta a fitowa ta gaba, tare da na firinta. Ya gode min da ba da gudummawa.

Shekara talatin. Yau wani ya ce na yi gaskiya.

Na rufe kwamfutar na fita. Na yi tafiya a ƙafa har na rasa inda nake, na hau keke napep na dawo.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Nafeesa ta turo saƙo: "Baba, lafiya kuwa? An ba da izinin?"

Na amsa: "An ba da."

Ban yi ƙarya ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan azahar

James ya kawo sabon faifai, na mayar da tsohon aikin a kai. Ebenezer ya tambaya, da ladabi sosai, ko za a sake sa manhajar, don masu tallafi suna jira. Na ce a sa. James ya tsaya yana jiran in zauna. Na ja masa kujerar. Ya zauna ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ni ina tsaye a bayansa. Ba wanda ya yi gardama.

Wayata tana aljihu. Na yi ta taɓa ta.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Baƙo ya kira. Na je.

Ya buɗe faifan ya nuna min a ƙarƙashin fitila. A jikin farantin da ke cikinsa akwai zobe mai faɗi inda kan ya yi ta kankara tsawon hutun, da wata ƙura mai laushi a gefe. Ya ce, "Malam, abin da kake nema shi ne wannan ƙurar." Ya ciro 'yan abubuwa daga gefen da bai taɓu ba, ya nuna min a allo. Rahotannin manhajar ne, shafi bayan shafi.

Bai karɓi komai ba. Ya rako ni har bakin titi, abin da ba ya yi wa kowa.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Na kira Nafeesa bayan na idar da sallah. Na fara yi mata bayanin ƙunshi da 'yan rakiya da manhajar imel. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, "Baba, ban gane ko ɗaya ba. Akwai ko babu?"

Na ce babu.

Ina jin mijinta yana tambayarta mene ne. Ta ce, "Kai dai ka ji, ko? Ka gaya min yadda take."

Na ce ban ji ba. Ina jira ne a gama duka.

Kaset ashirin da bakwai ne, waɗanda Talatu ta ɗauka a Dei-Dei da ƙauyukan da yanzu babu su. Tsofaffin da ke ciki duk sun rasu. Ita ma. Muryarta ba ta nan a ko'ina.